Wayar wuta da sautin amfilifaya: kundin gwaji daga Mabera, Sakkwato

Asabar, 4 ga Janairu

Abin da ake son ganowa shi ne ko wayar da ke kai wuta daga soket zuwa amfilifaya tana canja sautin da ke fitowa a sifika. Masu sayar da wayoyi masu tsada suna cewa bes yana ƙara nauyi, murya tana wankewa. Masu gyaran rediyo kuma suna cewa waya dai waya ce. Za a auna da mita, a ɗauki sautin a kwamfuta, sannan a saurara ido rufe.

Kayan da ke ɗakin: amfilifaya mai wat 60 kowane ɓangare a kan sifika mai om 8, tiransifomarsa irin mai zobe ce, da kafasita biyu masu 10,000 µF. A bayansa akwai ramin waya mai haƙori uku, irin na kwamfutar tebur, wato IEC. Sauti yana zuwa daga laftof ta USB zuwa DAC, wato na'urar da ke mayar da sautin kwamfuta irin wanda amfilifaya ke karɓa, daga nan zuwa amfilifaya da wayar RCA. Dikoda da talabijin ma suna shiga ta wata ƙofar. Ɗakin mita 5 ne tsawo, mita 4 faɗi, daɓen siminti da darduma.

Wayoyi huɗu za a gwada. A: wadda ta zo da amfilifayar, mita 1.8, kauri 0.75 mm². B: ta Babbar Kasuwa, naira 1,800, ita ma an rubuta 0.75 a jikinta. C: wadda za a haɗa da hannu. D: ta aro daga wani Alhaji a Arkilla, mai kauri kamar igiyar rijiya, da saƙa a jiki da garkuwar ƙarfe a ciki, mita 1.5, ya ce 95,000 ya saye ta.

Lahadi, 5 ga Janairu

An wuni ana auna wutar soket duk bayan awa biyu. Ƙa'idar Najeriya bolt 230 ce a kan 50 Hz. Da asuba mita ta nuna 236. Da azahar 214. Bayan magariba, da kowane gida ya kunna kaya, ta sauka 188. Tazarar bolt 48 ke nan a wuni ɗaya, kuma duk abin da waya za ta yi sai an gwada shi da wannan.

Laraba, 8 ga Janairu

Haɗa waya C bai tafi daidai ba. An sayi mita 2 na waya mai jijiya uku, 2.5 mm², a kan 4,800, da fulogi mai fis na 1,500 da kan IEC mai sukuru na 2,000. Jijiyar ta ƙi zama cikin ramukan fulogin. Fulogi mai haƙori uku murabba'i, samfurin Ingila, an yi shi ne don waya mai laushi da ba ta wuce 1.5 mm² ba. Da aka matsa, murfin bai rufu ba, madaurin wuyan ma bai kama rigar wayar ba. Akwai masu yanke rabin zaren don ta shiga, to amfanin kaurin ya tafi ke nan, ga zare yana leƙowa kusa da haƙorin maƙwabci. An ajiye ta, aka sayi mita 2 na 1.5 mm² a kan 3,200. Kan IEC ɗin kansa amfiya 10 aka yi shi ya ɗauka, don haka 1.5 ta wadatar har da saura.

Jijiya mai ruwan ƙasa zuwa mai wuta, shuɗiya zuwa nutural, kore da ɗorawa zuwa at, wato layin da ke kai yoyon wuta ƙasa. An bar ta at ta fi sauran tsawo kaɗan, domin idan aka fizgi wayar ita ce za ta fita daga ƙarshe. Fis mai amfiya 5.

Asabar, 11 ga Janairu

Awon turjiya. Ƙaramar mita ba ta iya wannan aikin kai tsaye, domin wayoyinta kaɗai suna nuna om 0.3, alhali abin da ake nema bai kai haka ba. Dabarar ita ce batirin mota mai bolt 12 da ƙwan fitilar mota mai wat 55 (naira 2,000), wanda ke jan kusan amfiya 4.5. Ana haɗe mai wuta da nutural a kan IEC da guntun jan ƙarfe, a tura wutar batir ta ƙwan zuwa haƙoran fulogi, a auna bolt ɗin da ya zube tsakanin haƙoran biyu, a raba da amfiyar da ke gudana. Babu abin da ke haɗe da wutar gida a wannan gwaji.

A ta ba da om 0.11. C ta ba da 0.07. D ta ba da 0.04. B ta ba da 0.50.

Lissafi ya yarda da ukun farko. Jan ƙarfe mai kaurin 1 mm² yana da om 0.0172 a kowace mita. Waya A, zuwa da dawowa mita 3.6 ne, a ninka da 0.0172, a raba da 0.75, ya ba da 0.083, ragowar na fis ne da wuraren haɗi. B ce ta fita daban, shi ya sa aka yanka ta. Jijiya biyu ce kawai a ciki. Haƙorin at na fulogin yana nan, ramin at na kan IEC yana nan, amma babu abin da ya haɗa su. Waya 0.75 ta gaskiya zare 24 ne masu kaurin 0.2 mm, wannan kuwa zare 11 ne sirara. Da aka kankare da wuƙa sai jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Da aka kara ashana, zaren ya lanƙwashe ya zube nan take, alhali na jan ƙarfe sai dai ya yi ja ya tsaya. An ɗaure ta da kan IEC na wucin gadi don gwaji kaɗai, ba za ta koma aiki ba.

An kuma auna naɗin farko na tiransifomar amfilifayar daga haƙoran bayanta, an cire ta daga wuta: om 5.6. Wayar bango daga allon birika zuwa soket, 2.5 mm² mai tsawon kimanin mita 15, lissafinta om 0.2. Bambancin A da D om 0.07 ne a cikin hanyar da ta kusa om 6, tun ba a sa wayar sandar titi a lissafi ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Amfilifayar tana cin wat 18 idan tana zaune, kusan wat 45 idan an ɗaga murya yadda za a iya zama a ɗakin. Masu kare tsadaddiyar waya suna da hujja ɗaya mai ma'ana a nan, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta: amfilifaya ba ta shan wuta a jere. Dayod, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ba sa buɗewa sai wutar ta kai ƙololuwa, sau 100 a daƙiƙa, su cika kafasita da kurɓi gajere mai ƙarfi. Kurɓin yana iya ninka matsakaicin sau da yawa. To a ɗauka ya kai amfiya 2. A waya A asarar bolt 0.22 ce, a D 0.08. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na 230 ba, ga wutar unguwa tana lilo da bolt 48.

Wannan lilon kuwa yana da tasiri na gaske. A 230 kafasitocin suna riƙe da bolt 42 kowane gefe. A 190 sun sauka ƙasa da 35. Ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa yana bin ninkin bolt da kansa, don haka wat 60 ya koma kusan 41. Shi ya sa kiɗan kotso da ke fita garau da hantsi yake fara tsagewa bayan isha'i idan an ɗaga murya, ba a taɓa komai ba.

Laraba, 15 ga Janairu

An saurara ido buɗe, mutum huɗu, kowa yana ganin wayar da aka sa. Kiɗan kalangu, goge, da karatun Alƙur'ani don muryar mutum zalla. Duka huɗun sun ce D ta fi: ɗaya ya ce bes ya zauna, ɗaya ya ce gogen ya daina kaifi. An rubuta maganar kowa, an sa hannu, za a dawo kanta.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau aka gano babbar matsala, kuma ba ta cikin wayoyin huɗu. Idan aka shafa bayan hannu a murfin amfilifayar ƙafa ba takalmi, ana jin wani ɗan karkarwa kamar ana jan gashi. Testa ta kama wuta a jikin murfin. Mita ta nuna bolt 96 tsakanin murfin da ƙarfen taga. A sifika kuma akwai wani zizar siririya da ke raguwa idan an ɗora hannu, ta dawo idan an ɗauke.

An kashe birika, aka buɗe soket. Ramin at babu waya ko ɗaya. Sukurun mai wuta ya saki, robar da ke kewaye da shi ta yi baƙi, ƙurar hunturu ta cika akwatin. Wannan ne ke kawo ƙaras-ƙaras a sifika duk lokacin da firij ya tashi, wanda da farko aka ɗora wa firij ɗin. A allon birika ma babu wayar da ta tafi ƙasa. Gidan gaba ɗaya ba shi da at.

Bolt 96 ɗin daga cajar laftof da dikoda yake zuwa. Irin waɗannan na'urori suna da ƙananan kafasita tsakanin layin wuta da jikinsu don tace hayaniya. Idan akwai at, ɗan yoyon yana bi ta nan ya tafi. Idan babu, jikin na'urar yana tsayawa a wajen rabin wutar layi, ya bi ta USB da RCA har murfin amfilifaya. Ƙarfin yoyon kaɗan ne, shi ya sa karkarwa kawai ake ji. Haɗarin shi ne ranar da waya mai wuta ta taɓa murfin daga ciki, babu abin da zai katse ta.

Ma'anar wannan ga gwajin: garkuwar waya D a haƙorin at take ɗaure. Ranar Laraba da aka ce ta fi, garkuwar ba ta haɗe da ƙasa.

An dakatar da sauraro sai an gyara. Sabon soket mai makunni, 3,500.

Alhamis, 23 ga Janairu

Mai wayarin ya zo da na'urar awon at. An kafa sanda ɗaya mai mita 1.5 a bayan ɗakin, awo ya ba da om 140. Ya ce, "Malam, ƙasag ga ta bushe ƙwarai, sai mun ƙara sanda mu nemi wurin danshi." Gaskiyarsa, rabon Sakkwato da ruwan sama tun wajen Oktoba, ga yashi. An matsa kusa da magudanar wanki, aka haƙa rami biyu da tazarar mita 3, domin sanduna biyu da suka matsi juna kusan aikin ɗaya suke yi. An zuba gawayi da gishiri da ƙasa a jere, aka kwarara jarka huɗu na ruwa. Gishiri yana saukar da awo da wuri amma yana cin sandar a hankali, don haka an rage shi, an bar bututu a kowane rami don zuba ruwa da bazara. Awo na biyu: om 38.

Sanda biyu 19,000, waya 10 mm² mita 12 a kan 22,800, maƙalai 2,400, gawayi da gishiri 4,000, ladan aiki 15,000. Jimla 63,200.

Om 38 bai isa shi kaɗai ba. Idan mai wuta ta taɓa murfi, 230 a raba da 38 amfiya 6 ne, birika mai amfiya 20 ko motsi ba za ta yi ba, fis mai amfiya 5 ma zai daɗe bai tsinke ba. Dole a ƙara birikar da ke gano yoyon wuta, RCD mai 30 mA. An saya 18,000, an ɗaura, an danna maɓallin gwajinta ta faɗi.

Asabar, 25 ga Janairu

Karkarwar murfi ta tafi, zizar ma ta tafi. Amma wani sabon gurnani ya fito, mai kauri, ana jinsa daga kujera ko da an rage murya zuwa ƙarshe. Da babu shi. Rabin wuni ya tafi wajen nemansa.

An fara zargin sabon soket, aka koma wani, gurnanin yana nan. An canja A da C da D ɗaya bayan ɗaya, duk ɗaya. Da aka sa B sai ɗakin ya yi tsit. Wayar 1,800 ta jabu ta kashe gurnanin da ta 95,000 ta kasa.

Dalilin a fili yake idan aka tuna abin da aka gani a cikinta: ba ta da at. An koma waya A, aka riƙa zare wayoyin RCA ɗaya-ɗaya. Da aka zare ta dikoda, gurnanin ya mutu. Da aka mayar da ita aka kwance wayar dish daga bayan dikodar, ya sake mutuwa. Dish ɗin yana kan sandar ƙarfe da aka binne a ɗaya gefen gidan. Ke nan kayan sun taɓa ƙasa a wuri biyu: ta sandar dish da ta sabon at. Tsakanin wuraren biyu akwai ɗan bambancin bolt, sai wuta mai 50 Hz ta riƙa zagayawa ta rigar wayar dish, ta rigar RCA, ta murfin amfilifaya, ta koma ƙasa. Rigar RCA kuwa ita ce hanyar dawowar sauti, don haka amfilifaya tana ɗaukar zagayen a matsayin kiɗa ta ƙara masa ƙarfi. Waya B ta yanke zoben ne ta hanyar cire kariyar mutum.

Wannan ita ce hanya ta farko da aka ga wayar wuta ta canja sauti ƙarara, kuma abin tsoro ne. Mutum zai iya gwada wayoyi a gidansa, ya ji ɗaya ta yi shiru, ya riƙe ta, bai san ya zauna da murfin ƙarfe mara at ba. Haka ma masu karya haƙorin at ko naɗe shi da salatif. Kada a yi.

An so sa ɗan abin da ke raba wayar eriya, amma ba ya aiki a dish, domin dikoda tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wayar don ciyar da kan dish ɗin, mai rabawar kuwa zai tare su. Maganin da ya yi shi ne wayar haske: daga ramin optical na talabijin zuwa DAC, 4,500. Zaren roba ne, babu ƙarfe, zobe ba ya ƙulluwa. An zare RCA ta dikoda gaba ɗaya. Shiru, da at a haɗe.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ba wuta tun safe. An share ƙura, an fesa maganin wanke haɗi a maɓallin murya da ke ƙara idan an juya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwajin ɗauka da cirewa. A madadin sifika an sa resista mai om 8, wat 100, guda biyu a kan 12,000, an ɗaure su a farantin alminiyam domin suna zafi har ba a iya taɓawa. Daga bakinsu an rage ƙarfin da resista 10k da 1k kafin ya shiga na'urar ɗaukar sauti. Kafin a haɗa an tabbatar da mita cewa baƙin ramin sifika a haɗe yake da murfi. Amfilifayar da ba haka take ba tana iya ƙonewa da wannan haɗin. Ana kunna daƙiƙa 30 na kiɗa ɗaya da kowace waya, a jera biyu a manhajar sauti ta Audacity, a kifar da ɗaya, a haɗa. Abin da ya rage shi ne bambancinsu.

Zagayen farko ya lalace. Ragowar ta fito da ƙarfi, tana ƙaruwa daga farkon kiɗan zuwa ƙarshe, har aka zaci an kama wani abu. Da aka gwada A da A kanta sai ga irin wannan ragowar. DAC ce ke kunnawa, wata na'urar ke ɗauka, kowacce da agogonta, suna zamewa juna kaɗan-kaɗan. An koma na'ura ɗaya mai kunnawa da ɗauka a lokaci guda, matsalar ta kau.

A da A: ragowar tana desibel 71 ƙasa da kiɗan. Wannan shi ne iyakar abin da kayan awon ke iya gani. A da C: 71. A da D: 70. A da B, ba dikoda: 70. Da aka ɗaga ragowar aka saurara a hedfon, huci ne kawai, ba a jin ko inuwar kalangu. An maimaita da ƙarfin wat 5 da wat 30, bai canja ba.

Haka ya kamata ya kasance. Girman sautin da amfilifaya ke fitarwa resistocin da'irar da ke dawo da sauti baya ne ke yanke shi. Muddin bai kai ga tsagewa ba, ɗan motsin bolt a kafasita ba ya isa sifika.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An ba garkuwar D dama yadda ya kamata, yanzu da at ɗinta yake aiki. An ɗaure wayar wuta da wayar RCA mai arha wuri ɗaya tsawon mita guda, kamar yadda ake cusa su a bayan kabad, aka duba a manhajar awon sauti ta REW. Da waya A, layukan 50 da 150 Hz sun tashi da desibel 14. Da D sun tashi da 9. Ga bambanci na gaske da awo ya nuna, ko da yake sai an manna kunne a sifika ake jinsa. Garkuwa tana tare abin da ke tsallakawa saboda bolt, amma ba ta iya tare maganaɗisun da gudun wuta ke haifarwa a 50 Hz, shi ya sa ba ta share shi duka ba. Da aka raba wayoyin da tazarar taƙi ɗaya, aka sa su gicciye inda dole su haɗu, layukan sun koma inda suke da kowace waya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sauraro ido rufe, zama na farko. An rataya labule a gaban kayan, yaro ɗaya yana canja waya bisa jefa kwabo da aka rubuta tun kafin a fara. An jefar da sakamakon. Fulogin D mai tauri ne, yana ƙara ƙwas idan ya shiga, na A kuma ba ya yi, mutum biyu suka gane tun a zagaye na uku kuma suka faɗa da kansu. Ana zagaye na bakwai aka ɗauke wuta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Gyara: wayoyin biyu suna nan a soke cikin soket biyu na bango ɗaya, kan IEC kawai ake canjawa, kuma ana zare shi a mayar ko da kwabo ya ce a bar wadda ke ciki. Masu sauraro suna fita tsakar gida lokacin canji. Maɓallin murya an manne shi da salatif, an auna 2.83 V a 1 kHz kafin da bayan zama, domin bambancin ƙarfin da bai kai a lura da shi ba yana sa mutum ya ce ɗaya ta fi daɗi.

An gwada wutar madadin don kada a sake katsewa. Tsohuwar inbata mai wuta mai kusurwa ta sa tiransifomar kanta tana kuka daga cikin akwati, ga ziza a sifika, da kowace waya. Ƙaramin janareta kuma mita ta nuna yana yawo tsakanin 47 da 53 Hz. Inbatar sola mai tsabtatacciyar wuta ta tsaya a 229, amfilifaya shiru. Da ita za a yi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Zama na biyu ya kammala. Mutum huɗun nan na ranar 15 ga Janairu, kiɗan da kowa ya zaɓa da kansa a matsayin wanda ya fi nuna bambanci. Kowa ya fara jin A da D an gaya masa, sau nawa yake so, sannan zagaye 16 ba a gaya masa ba. Wanda yake cinta kawai zai samu wajen 8. Samun 12 ko fiye da sa'a zalla bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, don haka 12 aka sa a matsayin shaida tun kafin a fara.

Sakamako: 9, 7, 8, 10. Jimla 34 cikin 64.

Alhaji mai waya D, wanda yake cikin huɗun, shi ya samu 7. Ya karɓi takardarsa ta watan jiya ya karanta, ya ce, "Wallahi Malam ran nan na ji, ba ƙarya ni kai ba. Yau ko ban san mi ya hana ba." Babu wanda ke ganin ƙarya ya yi. Abin da ido ya gani da kuɗin da aka sani suna shiga cikin abin da kunne ke kai wa mutum, kuma canjin waya yana ɗaukar kusan minti ɗaya, ƙananan siffofin sauti ba sa zama a ƙwaƙwalwa tsawon haka. Wannan jinkirin rauni ne ga gwajin ido rufe, amma haka yake a ranar da aka saurara ido buɗe ma, kuma ɗauka da cirewa ba ta dogara da tunawa ba.

Kafin a tashi an matsar da sifikun santimita 40 daga bango. REW ta nuna bes a wajen 43 Hz ya sauka da desibel 6, daidai inda faɗin mita 4 ke tara sauti. Tsawon mita 5 nasa yana wajen 34 Hz. Wannan kowa ya gane shi ta bayan labule, sau shida cikin shida.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An mayar wa Alhaji wayarsa. Waya ce mai kyau, jan ƙarfe na gaske, fulogi mai kama soket da ƙarfi, babu abin da za ta ɓata. C ce ke kan amfilifaya yanzu, A tana ajiye, B an yayyanka ta don kada wani ya tsinta ya sa wa kwamfuta ko tukunyar lantarki. A amfiya 8 irin wannan wayar za ta riƙa ƙona sama da wat 30 a cikin jikinta.

An bi sauran wayoyin IEC na gidan da mita, haƙorin at zuwa ramin at. Cikin biyar, biyu babu haɗi.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau 116,500, daga ciki 81,200 na at da RCD ne.

Saura aiki uku. Sitabilaiza don wutar magariba: irin mai rile yana ƙara ƙat a sifika duk lokacin da ya sauya mataki, don haka za a ari mai injin juyawa na 1,000 VA a gwada kafin a saya, a duba ko shi kansa yana gurnani a ɗaki. Abin kariya daga tsawa a allon birika kafin ruwan farko, da ɗaure sandar dish da at ɗin gida da waya mai kauri. Sai sake awon ramukan at a ƙarshen Afrilu, lokacin da zafi ya wuce digiri 40 ƙasa ta gama bushewa. Idan ya haura om 100 za a ƙara sanda ta uku.